Taya mai filai 6, 8 ko 10: wacce ta dace da motar da kake shiga daji da ita?

In kana da Hilux ko Prado ko Land Cruiser a garin nan na Kaduna kuma kana shiga ƙauye da ita, ko ba jima ko ba daɗe sai ka tsaya gaban mai sayar da taya ya ce maka, "Alhaji, irin wadda ta zo da motar za a sa ko mai filai goma?" Filai dai ma'aunin ƙarfin jikin taya ne. Yawancinmu da ido muke yanke hukunci a wajen, a danna gefen taya da babban yatsa, a ɗaga a ji nauyinta, in ta yi tauri a ce wannan ce mai ƙarko. Ni dai a ganina hakan bai wadatar ba, don kuɗin taya huɗu yanzu ba wasa bane, ga kuma rayuka da ke kai. Abu uku ne ya kamata su yanke maganar, nauyin da kake ɗorawa a ƙafafun baya, irin hanyar da ka fi bi, da yawan iskar da zaka yarda ka dinga sawa. Na ukun nan shi aka fi mantawa da shi, kuma shi ne yake sa mutum ya biya kuɗin taya mai ƙarfi amma ya ƙare yana tafiya a kan wadda ta fi tsohuwar tasa rauni.

Ka sa a sauko maka da tayar, ka goge ƙurar gefenta da tsumma ka karanta da kanka. A Hilux da Prado da yawa zaka ga an rubuta wani abu kamar 265/65R17 112T. Wancan 265 faɗin taya ne a milimita, 65 na nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin 100 ne na faɗin, 17 kuma girman rim ne a inci. Duk wannan kowa ya sani. Inda ake wucewa da sauri shi ne 112 ɗin, alhali shi ne lambar nauyi, wato iyakar abun da taya ɗaya za ta ɗauka in an cika mata iskar da ta dace. Ba kilo 112 ake nufi ba, akwai jadawali guda ɗaya da duk kamfanonin taya na duniya suke bi: 100 kilo 800 ne, 106 kilo 950, 110 kilo 1,060, 112 kilo 1,120, 116 kilo 1,250, 118 kilo 1,320, 120 kilo 1,400, 121 kuma kilo 1,450. Harafin ƙarshe na gudu ne, Q kilomita 160 a awa, R 170, S 180, T 190, H 210, kuma tunda dokar hanya ma 100 ta ba ƙananan motoci a babban titi, harafin nan ba shi ne abun damuwarmu ba. In ka ga lamba biyu haɗe kamar 121/118, ta farko ce taka, ta biyun ta motocin da ake jera wa taya biyu a gefe ɗaya ce kamar Canter da tifa.

Kafin ma ka je kasuwa, buɗe ƙofar direba ka duba ƴar takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar, in ta ɓare ka duba littafin motar. A nan kamfani ya rubuta girman taya da lambar nauyinta da iskar da za a sa in ba kaya da in an yi lodi. Lambar da ka gani a nan ita ce ƙasan ƙasa, ana iya hawa sama da ita amma ba a sauka. In an rubuta 112, ko da mai shago ya rantse maka cewa 108 ɗin nan sabuwa ce fil kuma ya rage maka kuɗi, ka bar masa abarsa, don bambancin kilo 120 ne a kowace ƙafa.

To yanzu ga kwatancen. Tayoyin da za su shiga irin motocin nan kashi uku ne a kasuwa.

Na farko tayar fasinja, wadda ko dai ta fara da harafin P ko kuma ba harafi sam a gaban lambar. Ita ce Prado da Hilux masu tsada suke zuwa da ita daga kamfani, galibi Bridgestone Dueler ko Dunlop Grandtrek. Tana kai iyakar nauyinta a iska 35 ko 36 a geji (ma'aunin psi), in kuma an rubuta mata XL ko Reinforced sai 41 ko 42 kuma ta ɗan fi ɗaukar kaya. Ba ta da nauyi, tana da laushi a kwalta, ba ta ƙara, ba ta shan mai, amma gefenta siriri ne. A Amurka ma ƙa'idarsu ita ce in aka sa taya mai P a motar ɗaukar kaya ko jif sai an raba nauyin da aka rubuta mata da 1.1, wato a zaftare mata kusan kashi 9 cikin 100, saboda irin motocin nan suna da tsayi kuma an fi cika su da kaya.

Na biyu ita ce mai harafin C a bayan lambar rim, kamar 195R15C ta Hiace ko 205R16C da ake gani a Hilux ta aiki mai rim ɗin ƙarfe. Wannan tayar motocin haya da na kaya ce, yawancinta filai 8, misali 205R16C mai lamba 110/108 tana ɗaukar kilo 1,060 a iska 65. Siririya ce, ba ta da kyan gani, amma jaruma ce wajen lodi kuma an fi samunta ko a ƙananan garuruwa.

Na uku mai LT a farko, ita ce ake kira tayar daji, kuma a cikinta ne ake samun matakan da ake gardama a kai. Za a rubuta Load Range C ko D ko E, ko kuma 6PR, 8PR, 10PR. C ita ce filai 6 kuma tana ɗaukar iska har 50, D filai 8 har 65, E filai 10 har 80, sai dai masu faɗi sosai nasu ya kan yi ƙasa da haka, shi yasa a karanta abun da ke jikinta. A kula, wannan C ɗin daban yake da wancan C na bayan lambar rim, ana yawan rikita su har a shago.

Maganar filai kuma, babu taya ta zamani da ke da shimfiɗa goma a cikinta. A da can da zaren auduga ake saƙa cikin taya, ana jera shi hawa-hawa, yawan hawan shi ne ƙarfin. Yanzu da waya ta ƙarfe da zaren roba ake yi, sai aka bar tsohon lissafin don a nuna ƙarfinta ya kai na mai hawa kaza. In kana son sanin gaskiyar abun da ke ciki, akwai wani ƙaramin rubutu kusa da bakin rim da sai ka sunkuya zaka gani, an rubuta Tread sannan an lissafa shimfiɗun da ke ƙarƙashin zane, an rubuta Sidewall sannan an lissafa na gefe. Sau tari zaka tarar mai filai 6 da mai filai 10 duk shimfiɗa 2 gare su a gefe, sai dai zaren ɗaya ya fi kauri. Akwai masu shimfiɗa 3 a gefe, kuma ga mai bin duwatsu wannan ukun ya fi masa amfani a kan harafin E.

Yanzu mu zo kan iska, don nan ne gizo ke saƙa. Iska ce ke ɗaukar kaya, taya buhu ce kawai da ke riƙe iskar, ƙarin filai kuma abun da yake baka shi ne damar cusa iska mai yawa ba tare da ta fashe ba. Bari in ɗauki girman 265/70R17 da mutane da yawa ke komawa in suna son mota ta ɗan ƙara tsayi. Ta fasinja mai lamba 113 tana ɗaukar kilo 1,150 a iska 35, in aka yi mata waccan zaftarewar ta koma wajen 1,045. Mai LT ta wannan girman, in C ce lambarta 112, kilo 1,120 a iska 50, in E ce lambarta 121, kilo 1,450 a iska 80. To amma ka sa wa mai LT ɗin nan iska 35, ko C ce ko E ce, abun da za ta ɗauka bai wuce wajen kilo 860 ba. Ka sake karantawa. Mai filai goma a iska 35 ta gaza ta fasinja a iska 35, kuma ba ta fi mai filai shida da ko kilo ɗaya ba, sai an haura 50 sannan E take fara nuna fifikonta. Kafin mai LT ta kamo waccan ta fasinjar sai an kai ta wajen 46 ko 47.

Kaga kenan wanda ya cire tayar kamfani ya sa filai goma, ya je wajen mai faci ya ce a sa masa 32 kamar yadda ya saba, ya loda buhuna ya hau titin Zariya da rana tsaka a watan Afrilu, yana tafe ne da taya mai ƙarancin iska ba tare da ya sani ba, kuma idonsa ba zai nuna masa ba don gefenta mai tauri ne, ba ta lotsawa yadda ta fasinja ke yi. Tana tafiya tana lanƙwasa a ciki, roba mai kauri kuma ta fi riƙe zafi, zafin nan ne ke raba waya da roba a hankali har wata rana ta yi bindiga, a ce ai tayar ce jabu. Wallahi wannan abun yana damuna, don gyaransa bai wuce sayen geji ɗaya na kanka da sanin lambar da zaka faɗa wa mai faci ba.

Mu yi lissafi da kayan da muka sani. Hilux mai gida biyu in ba komai a cikinta, ƙafafun baya suna ɗauke da wajen kilo 900, wannan ƙiyasi ne, ya danganta da samfurin. Ka je Saminaka ko Giwa ko Soba lokacin kaka ka ɗora buhun masara 10 mai kilo 100, tan ɗaya kenan, kuma tunda bodin mai gida biyu a kan aksil ɗin baya yake har ma ya zarce shi, kusan duk nauyin nan a baya yake sauka. An kai 1,900, ka ƙara mutum biyu ko uku a kujerar baya da jarkar mai da kayan aiki, ka haura 2,000, wato kowace taya ta baya tana ɗauke da kilo 1,000 ko fiye. Mai lamba 112 za ta iya, amma sai da iskarta cike wajen 36, ba 29 ko 30 da ake yawo da ita cikin gari ba, kuma abun da ya rage mata na rara kaɗan ne. A hanyar da ba ta daidaita ba, mota ta karkata a kwazazzabo ko ƙafa ɗaya ta hau dutse, nauyin ba ya rabuwa biyu daidai, ɗaya ce ke shan wahalar. Shi yasa nake ganin mai irin wannan lodin ya bar rarar akalla kashi 15 ko 20 cikin 100 tsakanin abun da yake ɗorawa da abun da tayar ke iya ɗauka a iskar da yake sawa. In aka ce buhu 15 kuwa, an kai 2,400, biyu masu 112 kuma iyakarsu 2,240, an riga an wuce gona da iri. Taki da siminti buhunsu kilo 50 ne, sai ka ninka yawan buhunan, 20 shi ne tan ɗaya.

Amma fa a nan dole in faɗi wata gaskiya da ba a son ji. Taya mai filai goma ba ta mayar da Hilux Canter. Abun da kamfani ya yarda Hilux ta ɗauka duka-duka wajen tan ɗaya ne, wasu ma ba su kai ba, kuma har da direba da fasinjoji a cikin lissafin. Sifirin da aksil da boris da birki da shasi duk suna da tasu iyakar, taya mai ƙarfi kawai tana matsar da matsalar ne daga roba zuwa ƙarfe. Duk wanda ke zuwa Panteka ya ga irin akori-kurar da shasinta ya lanƙwashe daidai tsakanin gida da bodi, obalodi ne da ramuka suka yi wannan. In aikinka kullum buhu 15 ne zuwa sama, ka yi sawu biyu ko ka nemi babbar mota.

Sai hanya. A kwalta mai kyau, ta fasinja ta fi kowacce daɗi, birki ya fi kamawa musamman in an yi ruwa, sitiyari ba nauyi. Matsalarta rami mai kaifin baki, irin wanda kwalta ta ɓare ta bar gefe kamar an yanka, ka faɗa da gudu gefen taya ya matse tsakanin rim da bakin ramin, zaren ciki ya tsinke, washegari ka ga kumburi ya fito a gefe. Taya mai kumburi ta gama aiki, ba faci ba ɗinki. A irin wannan hanyar, kamar wasu sassan hanyar Birnin Gwari ko ta Pambeguwa in damina ta ci su, mai LT ko mai C ta fi jurewa nesa ba kusa ba.

A marmara da duwatsu, irin na wajajen Kajuru da Kauru, nan ne kuɗin LT ke fita. Zanenta ya fi zurfi, sabuwa kan kai milimita 12 inda ta fasinja ke tsayawa wajen 9 ko 10, robar ƙarƙashin zanen ta fi kauri, tsakuwa mai tsini ba ta saurin huda ta. Haka a cikin gona bayan girbi, kututturen karan masara da na itacen da aka sare, da ƙayar bagaruwa da ta aduwa, duk gefen taya suke nema, kuma hujin da ya shiga ta gefe ko an yi masa facin wuta bai kamata a sake amincewa da shi a babban titi ba, iyakarsa ya kai ka gida.

A laka da yashi kuma labarin ya ɗan juya. Watan Agusta da Satumba in jar ƙasa ta jiƙe, ko zaka tsallaka rafi mai yashi, dabarar ita ce a rage iska don taya ta shimfiɗu ta kama ƙasa da yawa, a marmara a sauko wajen 26 zuwa 28, a yashi ko taɓo wajen 18 zuwa 20, a tafi a hankali. Ƙasa da 15 taya na iya zamewa daga bakin rim. A nan mai filai 6 ta fi mai filai 10 a ƙarƙashin mota marar nauyi, don tana shimfiɗuwa da wuri, ita kuwa E a ƙarƙashin Prado da ba kaya sai ka rage iska sosai kafin ta nuna alamar ta ji. Ta fasinja ma tana shimfiɗuwa da kyau, sai dai da zarar ta shimfiɗu siririn gefen nan nata ya fito waje yana jiran kututture. Abu biyu kar a manta: duk iskar da ka rage ka rage nauyin da tayar ke iya ɗauka ne, don haka mai cikakken lodi ba ya sauka can ƙasa, sannan kafin ka hau kwalta dole ka mayar da iskar. Ƙaramin famfon nan da ake haɗawa da batirin mota ya kamata ya zama ɗan gida a motar duk mai shiga daji, don ba kowane ƙauye ke da mai faci a bakin titi ba. Shi kuma zanen taya, ko na kwalta ne ko AT, na kwalta da daji duka, ko MT na laka mai manyan haƙora, magana ce daban da ta nauyi, ana samun AT ta fasinja ana samun AT mai filai goma, kar girman haƙora ya ruɗe ka.

Me ƙarin filai zai ci maka? Nauyi da farko. Mai E ta kan fi ta fasinja mai girma ɗaya da kilo 4 zuwa 6, a ƙafa huɗu kuma nauyi ne da inji ke juyawa kullum, birki kuma ke tsayarwa, ga shi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowace lita ana jin ta a aljihu. Sai tauri. Prado mai filai goma a iska 45 ba kaya, duk gargadar hanya sai ta iso bayanka, shokozoba da bushin suna shan dukan da da roba ce za ta shanye, kuma a marmara bayan akori-kura marar kaya kan dinga tsalle yana zamewa gefe, wanda hatsari ne na gaske a kwana. Ga kuɗin saye da ya fi yawa. In ka ƙara girma daga 265/65 zuwa 265/70 kuma, tayar ta ƙara tsayi da wajen santimita 2.6, agogon gudu zai dinga nuna ƙasa da gudun da kake yi da wajen kashi 3 cikin 100.

To ga yadda ni nake gani. In motarka Prado ce ko Hilux ta iyali, rayuwarta daga Malali ko Barnawa zuwa ofis, ƙarshen mako Zariya ko Abuja, ƙauye sai da salla ko biki, ka tsaya a kan tayar fasinja mai lambar da ke ƙofa, in ka samu XL mai zanen AT ya fi, kuɗin E asara ce a wajenka. In kana da gona kana zuwa a kai a kai, rabin tafiyarka kwalta rabi jar ƙasa, kayanka taki ne da iri da feshi da ƴan aiki, lokacin kaka a ɗan kwaso amfani, to LT mai filai 6 ko 8 ita ce taka, kuma nan ne mafi yawan masu Hilux a jihar nan suke. Ni D na fi so ga irin wannan aikin in an same ta a girman da ake nema, don tana da rarar nauyi kuma ba ta kai E tauri ba, sai dai gaskiya wasu girman kamar 265/65R17 an fi samunsu da lamba 120/117 mai filai goma, in ita kaɗai ce a kasuwa ba laifi, ka saya amma ka san iskarta daban ce. Mai Hilux ta aiki da rim 16 na ƙarfe kuma, 205R16C mai filai 8 da ta zo da ita ta riga ta dace da aikin, ban ga dalilin canza ta zuwa mai faɗi ta fasinja don kwalliya ba, wannan ja da baya ne. Filai goma ta mai Land Cruiser akori-kura ce, ko Hilux da kullum cike take, mai kwaso citta daga Kachia da Kagarko ko masara daga Lere, ko mai jan tirela ko ɗauke da tankin ruwa da janareta, wanda in ya lissafa ya ga kowace ƙafar baya na haura kilo 1,100 kuma a shirye yake ya sa iska 55 zuwa 65 in ya yi lodi ya rage in ya sauke.

Masu tsohuwar Land Cruiser mai 7.50R16 da tub a ciki, ku ma kuna da taya mai kyau a laka don siririya ce doguwa tana nutsewa ta taɓo ƙasa mai tauri, amma in rim ɗinku irin mai zoben nan ne da ake ɓallewa, kar kowa ya tsaya a gabansa ana ba shi iska, zoben in bai zauna daidai ba yana fitowa da ƙarfin da zai iya kashe mutum.

Wajen saye kuma akwai abun lura, don lambar nauyi ta sabuwar taya lafiyayya ce, ba ta wadda ta tsufa ba. Ka nemi inda aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta, 2322 na nufin mako na 23 a shekarar 2022. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa shekara 4 take ƙirga wa taya daga ranar da aka ƙera ta, kamfanonin taya kuma sun ce ko da zanenta bai suɗe ba kar ta wuce shekara 10, a zafin garin nan dai ni ba zan kai ta can ba. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina ƙerawa a Legas a 2008, kusan duk tayar mota daga waje take zuwa, shi yasa farashi ke bin dala, shi yasa kuma kasuwar Belgium, wato tayar da aka yi amfani da ita a waje, ta bunƙasa duk da tana cikin jerin kayan da kwastam ta hana shigowa da su. Ban ce duk Belgium ruɓaɓɓiya ce ba, amma ba ka san ramin da ta faɗa ba, ba ka san ko an yi tafiya da ita a sace ba, wasu kuma na ƙanƙara ne, robarsu mai taushi da ƙananan tsage-tsage birjik a zanen, an rubuta Winter ko Studless, zafinmu na cinye su da wuri. Ko sabuwa ce ka tsayar da ita ka duba bakinta da ke kama rim, in ya lanƙwashe ko ya yi kamar an matse shi, wataƙila cikin waɗanda ake cusawa cikin juna a kwantena ce don rage kuɗin dako, hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta sha kama irinsu.

In ka koma LT, ka sa a canza maka bawul, don ƙaramin na roba da aka saba iyakarsa iska 65 ne, mai son hawa sama da haka sai bawul mai ƙarfi, rim ma yana da nasa iyakar nauyin, musamman na kwalliyan nan na alminiyam da ba a san asalinsu ba. Kar a haɗa LT da ta fasinja a aksil ɗaya, su kuma Prado da manyan Land Cruiser da ƙafafunsu huɗu ke ja koyaushe, duk huɗun su zama iri ɗaya girma ɗaya. Safaya ma ta shiga lissafi, ba amfanin ƙafa huɗu masu 120 ga safaya tsohuwa mai 104 rataye a ƙasa, ranar da zaka buƙace ta motar cike take.

Iska da safe ake aunawa kafin mota ta motsa. In ka yi tafiya ka auna ka ga ta ƙaru, haka ya kamata, kar ka bari a sace maka ita. Akwai dabarar da masu tuƙin daji ke bi don gane ko iskar da suka zaɓa ta yi daidai da lodinsu: a auna da sanyi, a yi tafiyar rabin awa ko awa ɗaya a kwalta, a sake aunawa. In ta ƙaru da wajen 4, a LT ma har 6, an dace. In ta ƙaru fiye da haka tayar na lanƙwasa da yawa tana zafi, sai a ƙara mata iska gobe da safe, in kuma da kyar ta motsa to ta yi yawa, a rage 2 a sake gwadawa da irin lodin da aka saba ɗauka.